Batir da caji ga mai manyan sifiku a jirgin ruwa

Mai Farin Jirgi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Jirgina na faiba ne, tsawonsa mita 7, injin waje mai ƙarfin doki 150. Na sa amfilifaya biyu, ɗaya wat 600 yana ɗauke da sifiku shida, ɗaya wat 1000 na wufa biyu, manyan sifikun nan masu bugu mai kauri. Batir ɗaya ne tal a jirgin, shi ke tayar da inji, shi ke ɗaukar kiɗa. Da na ƙure murya sai fitilun gaban direba su riƙa lumshewa daidai da bugun wufa, jim kaɗan babban amfilifayan ya ɗauke. Ranar hutun da ta wuce mun jefa anga muna shan iska da iyali, da muka tashi tafiya inji ya ƙi tashi, sai wani jirgin ne ya jawo mu gaɓa. Wane irin batir zan ƙara, guda nawa, kuma ta yaya zan riƙa cajinsu?

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, sa kafasita kawai, na'urar nan mai ɗan ajiye wuta ta saki nan take, lumshewar fitila za ta daina.

Mai Rediyo: Wat 1000 ɗin nan da 600, na RMS ne, wato ainihin ƙarfin da suke bayarwa a kai a kai, ko wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali? Duba fis ɗin da ke jikin kowane amfilifaya ka faɗa mana lambarsu. Nan gaskiya take.

Mai Farin Jirgi: RMS ne Malam, haka takardarsu ta ce. Dukansu ajin D ne, irin masu tattalin wuta. Babban yana da fis uku na amfiya 40, ƙaramin biyu na 30.

Mai Rediyo: To kayan gaske ne ke nan. Ba ƙaramin aiki ka ɗora wa batir ɗaya ba.

Injiniya: Bari mu yi lissafin tukuna kafin a fara kiran sunayen batura. Wat 1600 gaba ɗaya. Ajin D yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa sauti, saura ya tafi a zafi, don haka idan aka ƙure su suna neman wajen wat 2000 daga batir. Raba da bolt 12.5, ka sami amfiya 160. Wannan a lokacin bugu mai ƙarfi ne kawai, kiɗa ba ya tsayawa a ƙololuwa. Idan ka ɗauki rubu'i zuwa sulusi na wannan a matsayin abin da yake sha a kai a kai da murya sama, kana maganar amfiya 40 zuwa 50. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), rabinsa ne naka idan kana son ya daɗe, wato 50. Ka ga ke nan kusan awa ɗaya ce ka gama da shi, kuma idan ana zuƙar batirin dalma da ƙarfi ba ya ma bayar da adadin da aka rubuta a jikinsa, don a kan zuƙa ta awa 20 aka auna shi. Awa nawa kake zama a kan anga da inji a kashe?

Mai Farin Jirgi: Kamar awa huɗu, Injiniya. Wani lokaci ya ɗara.

Injiniya: Awa huɗu sau amfiya 40, amfiya-awa 160 ke nan za ka cire. Da batirin dalma kana bukatar sama da 300, wato manya uku aƙalla, kowanne wajen kilo 30. Ban da na tayar da inji, wanda dole a ware shi shi kaɗai.

Auta: Kilo ɗari na batir? Ai sai a sauke mutum biyu a bar su a gaɓa 😂

Hajiya: Ko a rage murya, Auta. Shi ma lissafi ne.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya. Da matsakaiciyar murya abin yana iya sauka zuwa amfiya 15 ko 20, batir biyu su wadatar.

Dattijo: Ɗana, abu na farko shi ne makunnin nan na zaɓen batir mai 1, 2, duka, kashe. Irin na kamfanin Perko. Batir na 1 na inji, na 2 na kiɗa. Ka tayar a 1, ka yi tafiya a duka, ka isa ka juya 2. Da shi muka saba tun kafin a haifi wasu a zauren nan, bai taɓa ba mu kunya ba.

Makaniki: Baba, makunnin ba ya ba da kunya, mutum ne ke mantuwa. Ranar da ya jefa anga ya bar shi a duka, batura biyun za su mutu tare. Kuma idan yaro ya juya shi ya bi ta kan kashe alhali inji na aiki, diyod ɗin altaneta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, na iya ƙonewa nan take. Na canza irinsu da yawa. Ni dai rile mai haɗawa da kansa nake sa wa mutane, irin ACR na kamfanin Blue Sea. Idan ya ji wuta ta haura bolt 13 ya san inji na caji, sai ya haɗa baturan. Inji ya tsaya wuta ta sauka, ya raba su. Babu abin tunawa.

Dattijo: Idan rilen ya lalace a tsakiyar ruwa fa?

Makaniki: Shi ya sa ake barin makunni tare da shi, Baba, mai wurin haɗa batura na gaggawa. Ba cire shi na ce a yi ba.

Auta: Ni fa har yanzu ba wanda ya ce komai kan kafasita.

Injiniya: Auta, kafasita mai farad ɗaya a bolt 14 tana riƙe da ƙasa da jul 100. Amfilifayan da ke shan wat 1000 zai zuƙe wannan cikin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Batir mai amfiya-awa 100 yana riƙe da sama da jul miliyan huɗu. Tana iya ɗan rage lumshewar fitila, amma ba za ta ƙara masa ko minti ɗaya na kiɗa ba, ba za ta tayar masa da inji ba.

Auta: A motata dai ta yi aiki.

Mai Rediyo: Motarka inji na aiki duk lokacin da kake kiɗa, altanetarta ta ninka tasa biyu ko uku. Ba ɗaya ba ne.

Baban Yara: Jama'a ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin da ya same ni ba na fatan ya sami kowa. Ɗan'uwa Mai Farin Jirgi, kafin maganar wane batir, ka buɗe ƙasan jirginka ka ga wayar da aka ja maka.

Lokacin da na sa nawa kayan, wani mai haɗa rediyon mota na ba aikin. Ba zan kira suna ba. An yabe shi sosai, kuma a mota na yarda ya iya. Ya zo da waya mai kauri, jar leda tana sheƙi, ya ce wannan ko walda za ta ɗauka. Ya ja ta daga batir a baya, ta ƙarƙashin daɓen jirgi, har gaba inda ya kafa amfilifaya. Aiki ya yi kyau a ido, sauti kuwa ba a magana.

Bayan wasu watanni wufa ta fara rasa ƙarfi. Sai amfilifaya ya riƙa ɗaukewa ko da batir a cike yake. Na koma wurinsa, ya ce batirin ne ya gaji, in ƙaro sabo. Ya ɗauki sabon ya jona shi kai tsaye da tsohon, ja da ja, baƙi da baƙi, babu makunni babu komai a tsakani. Abin ya ɗan yi sauƙi, ba a jima ba ya dawo, sabon batirin ma ya fara kwana babu wuta, domin tsohon ne ke zuƙe shi suna zaune.

Ranar da abin ya faru muna kan hanyar dawowa, ruwa na da ɗan tashi, jirgi na dukan igiya. Ƙaramar 'yata ce ta fara cewa tana jin ƙaurin roba. Kafin in waiga hayaƙi ya fara fitowa ta gefen daɓe, fari, mai shaƙe maƙogwaro. Na kashe inji, hayaƙi bai tsaya ba, don wutar ba daga inji take ba, daga batir take. Babu makunnin da zan juya. Da sifana na kwance kan batir, hannuna na rawa, yara na kuka, kan batirin da zafi har ya ƙona ni ta cikin tsumma. Tankin fetur yana nan ƙasa da taku biyu daga inda wayar ta narke. Allah ne kawai Ya tsare.

Da aka ɗaga daɓen, ga abin da muka tarar. Wayar ba tagulla ba ce, alminiyum ce aka shafa mata tagulla a sama. Laima ta shiga ta bakinta, cikin ya zama farin gari, kana murzawa yana zuba. Shi ne dalilin da wufa ta rasa ƙarfi tun farko, batir bai yi laifin komai ba. Ja da baƙar wayar ya cusa su ta rami ɗaya mai kaifi babu roba a baki, girgiza ta cinye ledar har suka haɗu. Fis kuwa ya sa shi, amma a can gaba kusa da amfilifaya. Duk tsawon wayar daga batir zuwa can babu abin da ke kare ta, batura biyu suna tura mata duk ƙarfinsu.

Da na kai masa ragowar wayar, cewa ya yi haka yake yi wa kowa a mota kuma ba wanda ya taɓa dawowa. Mota idan ta kama wuta ka buɗe ƙofa ka fita ka tsaya a bakin titi. A ruwa ina za ka kai yara?

Yanzu wayata tagulla ce zalla mai rufin kuza, irin ta jiragen ruwa. Fis yana manne a kan batir. Akwai makunnin da hannuna ke kaiwa ba tare da na ɗaga komai ba, akwai abin kashe gobara biyu. Duk wanda zai taɓa min wuta a jirgi sai na tsaya a kansa, kuma sai ya yanke bakin wayar na ga cikinta da idona.

Hajiya: Innalillahi. Allah Ya ƙara tsarewa, Alhaji. Jikina har ya yi sanyi.

Dattijo: Allah Ya kiyaye gaba.

Mai Farin Jirgi: Subhanallah. Alhaji, nawa fis ɗin ma a kusa da amfilifaya na gan shi. Yau ɗin nan zan je in duba.

Injiniya: Ka duba. Ƙa'idar ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ita ce fis ya kasance cikin inci 7 daga inda waya ta bar batir, wajen santimita 18. Akwai sassauci idan wayar na cikin kariya, amma kar ka nemi sassauci, ana sayar da fis mai hawa kan batir kai tsaye. Kuma girman fis ɗin da kaurin waya ake auna shi, don ita yake karewa. Na jikin amfilifaya su ke kare amfilifaya.

Mai Rediyo: Yadda za ka gane wayar: fere bakinta, ka kankare silin da wuƙa. Ta alminiyum cikinta fari ne, samanta ja. Ta jirgin ruwa akasin haka, samanta fari saboda kuza, cikinta ja. Kuma ta alminiyum ba ta da nauyi a hannu.

Injiniya: Ga kuma abin da masu aikin mota ke mantawa. A mota jikin ƙarfen ne hanyar dawowar wuta. Faiba ba ta ɗaukar wuta, dole baƙar waya ta koma har batir da kauri ɗaya da jar. Idan amfilifaya na nesa da mita 4, wutar mita 8 take tafiya. A waya mai lamba 4, wato kusan milimita murabba'i 21, amfiya 100 za ta zubar da kusan bolt 0.7 a hanya. Mai lamba 1/0, wajen 53, abin da za ta zubar bai kai 0.3 ba. Batir yana 12.2, ka cire 0.7, ka cire na kawunan da suka yi tsatsa, amfilifaya ya ga wuta ta yi ƙasa ya kashe kansa. Ta alminiyum kuma kusan kashi biyu cikin uku na abin da tagulla ke ɗauka take ɗauka, tun tana sabuwa.

Makaniki: Masu jirgin alminiyum kuma kar wanda ya ce jikin jirgi zai yi masa baƙar waya. Wuta za ta cinye jikin.

Masunci: Ni tambayata daban ce. Wat 1600 a kan ruwa, wa ake kunna wa? Sauti a ruwa tafiya yake yi, muna can nesa muna jin bugun a ƙirjinmu. Mutum ya fito tun asuba yana neman abinsa, ku zo ku jefa anga kusa da shi ku ƙure.

Auta: Kawu, kifi ma na son nishaɗi.

Masunci: Ba wasa nake ba, yaro.

Mai Farin Jirgi: Ka yi haƙuri Malam. Ni ba na zuwa inda masu kamun kifi suke, kuma saboda iska da ƙarar inji na sa su, a kan gudu ba a jin ƙananan sifiku.

Masunci: A kan gudu ba ka bukatar batir uku. Lissafin da aka yi maka na zaman anga ne.

Mai Rediyo: Kowa da abin da ya kawo shi ruwa. Ba a zo nan don a hana mutum kayansa ba.

Masunci: Ban hana ba. Na ce a tuna akwai wasu.

Shugaban Zaure: An ji, kuma magana ce mai kyau. A koma kan batir don Allah.

Hajiya: Ni abin da ya dame ni ba kiɗan ba ne. Famfon kwashe ruwa, rediyon kiran agaji da fitilun dare, a kan wane batir za su zauna? Idan aka ɗora su a kan na kiɗa, ranar da aka shanye shi ruwa ya fara shiga, da me za a kwashe? A namu jirgin na sa maigida ya tabbatar ba su tare da amfilifaya.

Makaniki: Hajiya ta taɓo wurin. Yawanci a batirin kayan jirgi ake sa su, amma idan wannan batirin shi ne ake shanyewa da gangan kowane fita, gara a raba. Famfon ya samu wayarsa da fis ɗinsa kai tsaye, yadda ko an kashe makunni zai yi aiki.

Dattijo: To ai an koma batir kashi uku ke nan. Jirgi ne ko tashar lantarki?

Mai Litiyom: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Duk wannan nauyin da ake lissafawa, litiyom ya kashe maganar. Irin LiFePO4 nake nufi. Mai amfiya-awa 100 bai wuce kilo 12 zuwa 14 ba, kuma kana iya cire 80 zuwa 90 daga ciki ba tare da ka cuce shi ba. Biyu sun ba shi 160 ɗin da Injiniya ya lissafa, a ƙasa da kilo 30. Wutarsa kuma tana zama a wajen bolt 13 har ya kusa ƙarewa, amfilifaya ba ya jin yunwa. Tunda na koma ban waiwayi dalma ba.

Makaniki: Faɗa masa sauran. Litiyom yana zuƙar duk abin da altaneta ta bayar babu sassauci, ƙaramar altaneta ta yi ta aiki a ƙure har ta yi zafi. Sannan idan na'urar BMS da ke cikinsa, mai kare batirin, ta yanke ba zato inji na gudu, daidai yake da juya makunni zuwa kashe. Kuma ACR ɗin da na ambata bai dace da shi ba: litiyom a zaune yana 13.2 ko 13.3, rile zai ɗauka ana caji ne ya ƙi rabuwa.

Mai Litiyom: Shi ya sa ake sa cajar DC-DC a tsakani. Altaneta na cajin batirin inji na dalma kamar kullum, ita kuma cajar tana ɗibar adadin da aka ƙayyade tana ba litiyom. Kamfanin Victron na yin su, wasu ma na yi. Ba wani abin tsoro ba ne.

Makaniki: Ban ce abin tsoro ba ne. Na ce ba a ciro dalma a jefa shi a gurbinta a tafi.

Mai Rediyo: A kuma duba iyakar BMS. Da yawa masu amfiya-awa 100 iyakarsu amfiya 100 ne a kai a kai. Guda ɗaya ba zai ɗauki bugun 160 ba, zai yanke ana tsakiyar kiɗa. Biyu da aka jona ja da ja, baƙi da baƙi, sun ɗauka.

Dattijo: Ni abin da na ji yana kama wuta ba zan kwanta a kansa ba.

Mai Litiyom: Baba, ba irin na waya da kwamfuta ba ne, wannan ya fi su haƙuri da zafi nesa ba kusa ba. Abin da ba ya so shi ne a yi masa caji a sanyin da ruwa ke daskarewa. Na dalma mai ruwa ma ai yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, ita ma tana fashewa.

Dattijo: Wannan mun san ta, mun san a bar mata hanyar fita.

Baban Yara: Ni AGM nake amfani da su, baturan dalma ne rufaffu, masu jure zuƙa mai zurfi. Ba a zuba musu ruwa, ba sa zubar da asid idan jirgi ya karkata, suna jure girgiza. Nauyi ne kawai. Ko me za ka saya, ɗan'uwa, ka saye su tare, iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya. Kar a jona maka sabo da tsoho.

Auta: Batirin babbar mota fa? Ai shi ma ƙato ne.

Makaniki: Na tayar da inji ne. Farantansa sirara ne, an yi shi ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu a mayar masa. Ka shanye shi ƙasa sau da yawa ya mutu. Na zuƙa mai zurfi farantansa masu kauri ne.

Injiniya: An yi ta maganar batir, ba a amsa rabin tambayarsa ba: caji. Mai Farin Jirgi, amfiya nawa littafin injinka ya ce altaneta na bayarwa?

Mai Farin Jirgi: 35 na gani.

Injiniya: To wannan 35 ɗin sai inji na gudu sosai, a silo ba ta kai haka. Injin kansa yana cin wani abu a ciki, famfon mai da kwamfutarsa, ga fitilu da sauran kaya. A ce 20 zuwa 25 ta rage. Idan kiɗa na shan 40 kana tafiya, batir raguwa yake yi ko da inji na aiki. Idan ka kashe kiɗan gaba ɗaya, mayar da amfiya-awa 160 zai ci awa bakwai ko takwas na gudu, kuma batirin dalma yana rage karɓa idan ya haura kashi 80, ƙarshen cikon shi ya fi cin lokaci. Ƙara batir kamar ƙara girman tanki ne alhali famfon da ke zuba ruwa bai canza ba. Tafiyar rabin awa daga wurin anga zuwa gaɓa ba za ta cika komai ba.

Saboda haka cajin gaske a tudu za a yi shi. Ka sa caja ta jirgin ruwa wadda ake kafewa a ciki, mai baki biyu ko uku, kowane rukunin batir da nasa bakin. Ƙarfinta kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girman baturan: idan 300 ne, amfiya 30 zuwa 40 ta yi. A saita ta a kan irin batirin, don AGM da mai ruwa da litiyom ba wuta ɗaya suke so ba. Kuma a jona ta ranar da aka dawo. Batirin dalma da aka bari a rabi har mako ya zagayo, gishirin salfet yana daskarewa a farantansa, ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa duka. Yawancin baturan da ake cewa ba su da kyau, haka aka kashe su.

Hajiya: Wanda jirginsa ke kwana a ruwa babu lantarki kusa fa?

Injiniya: Sola, Hajiya, amma a san iyakarta. Faranti mai wat 100 yana ba da amfiya 5 zuwa 6 a rana tsaka. A yini mai kyau a ce amfiya-awa 25 zuwa 30. Ga mai fita sau ɗaya a mako tana iya cikewa, da na'urar daidaita caji a tsakani. Ga mai fita kullum ba ta isa ba.

Auta: Cajar mota ta gida ba za ta yi ba? Mai kilif ɗin nan.

Makaniki: A ciro batir a kai shi waje, ta yi. A cikin jirgi kusa da tankin fetur, a'a. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, kilif ya yi tartsatsi shi ke nan.

Dattijo: A sayi mita ma. Batir ya huta wasu awanni a auna: 12.6 zuwa 12.7 cike yake, 12.2 rabi, 12.0 a kashe kiɗa tun tuni. Inji na aiki a ga 13.8 zuwa 14.4, idan ba a gani ba altaneta ce ko waya.

Mai Litiyom: A litiyom wannan awon ba ya nuna komai, Baba, wutar ba ta sauka sai dab da ƙarshe. Sai mita mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Dattijo: Ka ga ni. Kowane abu sai an saya masa wani abu.

Mai Litiyom: Ku kuma kowace shekara biyu sai an sayi sabon batir.

Baban Yara: Nawa sun wuce haka da nisa, don ba sa kwana babu caji.

Mai Farin Jirgi: Na dawo daga wurin jirgin. Wayar tagulla ce alhamdulillah, amma lamba 4 ce guda ɗaya aka raba wa amfilifaya biyun, kuma babu fis ko ɗaya a wajen batir. Notin kan batir irin mai fuka-fukin nan ne, da hannu na juya shi. Na cire jar wayar na naɗe bakinta. Har yanzu dai ban san AGM zan saya ko litiyom ba.

Makaniki: Notin nan ka jefar, ka sa na sifana ka ɗaure, ka shafa giris a sama. Sako-sakon kai kaɗai yana iya kawo lumshewar da kake gani. Kuma a ɗaure baturan a akwati, a rufe jan kan.

Mai Litiyom: Litiyom.

Baban Yara: AGM.

Mai Rediyo: Canza wayar zuwa 1/0 tukuna, ka matso da amfilifaya kusa da batir idan akwai busasshen wuri. Sannan ka ari mita mai maƙala wa waya ka ga amfiya nawa kake sha a muryar da ka saba. Wataƙila ba ka kai 40 ba.

Sabon Shiga: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a tsakiya. Nawa sifikun wani siririn kuka suke yi, idan na ƙara totur ya ƙaru, na sassauta ya ragu. Shi ma batir ne?

Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Kukan altaneta ne. Rediyonka da amfilifaya ba wuri ɗaya suke shan wuta ba, ko? Ka kai ja da baƙin rediyon inda amfilifaya ke ɗauka, kuma ka raba wayar sauti da wayar wuta, kar su bi hanya ɗaya.

Sabon Shiga: Rediyon a batirin inji yake, amfilifaya a na biyu.

Mai Rediyo: To shi ne. Mayar da su batir ɗaya ka gwada, ka zo ka faɗa mana.